Farcen Duna da Kafet na Aro

Masu karatu, a wannan wata za mu ba ku labarin wata ɓarna da muka yi da hannunmu, don kada wani gida ya maimaita ta.

Muna da kare baƙi, sunansa Duna. A da ba mu taɓa damuwa da faratansa ba, gama yakan bi yara daji, ya yi gudu a kan fako da tsakuwa, ƙasa kuwa ta riƙa cinye masa su. Amma tun wajen 2020, da 'yan bindiga suka matsa wa ƙasar Sabon Birni da Isa, farauta ta ja baya, yawon daji ya zama kasada. Karnuka da yawa a Burkusuma da ƙauyukan kewaye suka koma zaman gida, suna yini a ɗaure, da dare su yi gadi. Tsakar gida kuwa rairayi ne mai laushi, ba ya cin farce. Sai faratan Duna, ko akaifunsa yadda mu ke cewa a nan Gobir, suka yi tsawo har ya soma ɗingishi.

Ran nan muka ga ya kamata a rage masa. A ranar kuma akwai wani jan kafet mai fararen zane shimfiɗe a tsakar gida yana shan iska. Aro muka yi daga maƙwabcinmu saboda baƙin suna, da yamma za a mayar. Muka sa babban yaronmu ya riƙe karen, muka ɗauko almakashi. Farce na fari lafiya, na biyu lafiya. Da muka ga abin ba wuya, sai muka zurfafa a na uku. Duna ya yi ƙara, ya fizge, ya bi ta kan kafet ɗin nan a guje, ya bar sawun jini tun daga wannan gefe har wancan.

Ga abin da ba mu sani ba. Farcen kare ba ƙaho ne zalla ba. A cikinsa akwai wata tsoka mai rai, da jijiyar jini da ta jin zafi. In farcen fari ne, za ka hango ta ja-ja daga waje, sai ka tsaya kamar milimita 2 kafin ka kai gare ta. In baƙi ne irin na Duna, ba ka ganin kome. Dabarar ita ce ka riƙa yanke ɗan siriri, kana duba bakin yankan. Da fari za ka gan shi fari-fari kamar alli. Da zarar wani ɗigo mai duhu ya bayyana a tsakiya, to, ka iso, ka dakata. Wani abu kuma, in farce ya daɗe yana tsawo, tsokar nan ita ma tana bin sa tana tsawo. Shi ya sa ba a gyara farcen shekara guda a yini ɗaya. Sai dai a rage kaɗan kowane mako ɗaya ko biyu, tsokar ta riƙa ja da baya da kanta. Almakashi ma ba kayan aikin ba ne, yana matse farce ya tsaga shi. Magagari ya fi, ko da ya ke yana cin lokaci. Kada kuma a manta da ɗan farcen nan na sama, a gefen ciki na ƙafar gaba. Ba ya taɓa ƙasa, saboda haka in an bar shi yakan lanƙwashe ya shiga nama.

Jinin yana da ban tsoro, amma ba safai ya kan zama haɗari ba. Muka kama Duna, muka ɗaure masa baki da tsumma, don kare mai jin zafi yana iya cizon ubangijinsa. Uwargida ta ɗebo garin masara a tafin hannu, muka dangwala farcen a ciki, muka danne da ƙyalle mai tsabta minti biyar ba ɗagawa. Ya tsaya. Sitaci ma yana yi, haka garin alif ɗin nan da a ke tace ruwa da shi, ko a danna farcen cikin sabulu. Wani mai wucewa ya ce a zuba baƙin mai ko toka. Ba mu yarda ba, datti ne kawai za a cusa cikin rauni. In jini ya wuce minti ashirin ko talatin bai tsaya ba, ko ƙafar ta kumbura bayan kwana biyu, sai a nemi malamin dabbobi. Wanda kuwa kare ya ciza wajen wannan aiki, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare ta miyau ya ke shiga, in kuma alamunsa suka fito babu magani. Tun 1885 Luwis Fasto na Faransa ya fara allurarsa, amma har yau sakaci yana kashe mutane.

To, sai kafet. A nan muka kusa yin kuskure na biyu, wanda ya fi na fari. Muka ce wa yarinya ta ɗora ruwan zafi, a tunaninmu zafi ya fi fid da datti. Uwargida ta tare ta, ta ce, "Malam, in ka dafa jinin nan a jikin kafet, sai dai mu sayi sabo." Gaskiyarta. Ku tuna yadda ƙwai ya ke daskarewa in ya ji wuta, ba ya kuma komawa ruwa. Jini ma haka ne, zafi yana sa shi ya daskare ya kama zare. Mu da mu ke koya wa yara wannan a aji, ga shi a gida sai da aka tuna mana.

Ruwan randa ta ɗebo, mai sanyi. Ta jiƙa farin tsumma, tana dannawa a kan tabon tana ɗagawa, ba gogawa, gama guga tana tura jini cikin gindin zare ta kuma faɗaɗa shi. Daga gefen tabo ta ke farawa ta nufo tsakiya, in tsumma ya yi ja ta juya wuri mai tsabta. Ba ta malala ruwa ba, don kada ya ratsa ƙasan kafet ya bar wari. Bayan haka ta kaɗa ɗan sabulu a ruwan sanyi ta maimaita, ta bi da ruwa zalla ta cire sabulun. Inda jinin ya soma bushewa, ta kwaɓa gishiri da ruwa ta shafa, ta bar shi kaɗan, ta kankare da bayan cokali. Tabo biyu a kan farin zane suka ƙi fita. Sai muka sayo haidurojin a kemis, ruwan nan mai kumfa in ya taɓa jini. Yana iya kashe launi, saboda haka muka gwada shi a wata kusurwa tukuna, kuma a kan farin kaɗai muka ɗiga. Bilic kam, kada ya kusanci kafet mai launi. Muka shanya a inuwa, domin rana ma zafi ce.

Washegari kafet ya bushe, sai wani ɗan dishi-dishi da ba mai lura sai an nuna masa. Yaronmu ya ce a naɗe a kai kawai, wa zai sani? Amma mun san maƙwabcin nan ba ya kiwon kare, kuma a zaurensa baƙi su kan yi salla a kan wannan kafet. Muka ɗauka da kanmu muka kai, muka gaya masa duk yadda aka yi, muka ce in yana so mu biya. Ya yi shiru, ya buɗe, ya duba wurin. Sa'an nan ya ce, "Malam, ai haushin karen nan naka ne ya tashe mu daren da aka zo kwance shanu. Zan sa a ƙara ɗauraye shi, ka bar zancen biya."

Mun aro magagari wajen maƙeri. Yanzu kowace Asabar mu kan goge wa Duna farce biyu ko uku, mu ba shi ɗan ƙashi. Har yanzu in ya ga almakashi a hannun uwargida, sai ya shige ƙarƙashin rumbu.