Kada ka ɓoye wa likita labarin allurar barci



Wani bawan Allah daga nan Kafin Dafga ya same ni cikin damuwa. Likita ya ce sai an cire masa ƙwan maraina guda saboda sankara, shi kuma a wata tiyata da aka taɓa yi masa, ana yi masa allurar barci sai ga borin jini, numfashi ya sarƙe. Wai in haɗa masa sassaƙe ya huta da asibiti.

Na ce a'a. Ni mai magani ne, amma ban san saiwar da ke narkar da wannan ciwo ba. Gaskiya ne shari'a ta hana dandaƙa, amma wannan larura ce ta ceton rai. Kuma ƙwai ɗaya lafiyayye yakan isa haihuwa, da yardar Allah.

Abin da nake tsoro shi ne mutum ya yi shiru wai kada a fasa aikin. Haba malam! Ka nemi likitan da ke sa barci tun kafin ranar, ka kai masa tsohon katinka, ka faɗa masa komai, har in wani a danginku ya taɓa shiga irin wannan hali. Magungunan kala-kala ne, zai canza maka. Wani sa'in ma allurar baya ake yi, kana farke a gama.

Irin wannan aiki a kai shi inda ke da kayan ceto, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In kana shan haɗin tafarnuwa ko citta, ka sanar da likita, suna iya ƙara zubar jini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.