Busar Coltrane a Harlem, wata uku kafin ajali

Ranar 23 ga Afrilun 1967 John Coltrane, mai busa saksofon, ya yi wasa a cibiyar al'adun Afirka da Babatunde Olatunji, makaɗin nan ɗan Nijeriya, ya buɗe a unguwar Harlem ta birnin New York. Wata uku ba su cika ba ciwon dajin hanta ya yi ajalin Coltrane, yana da shekara 40. Abin da aka naɗa a ranar sai a 2001 kamfanin Impulse ya fitar da shi, da sunan The Olatunji Concert.

Masu kukan cewa naɗin bai yi kyau ba suna da gaskiya. Gangunan Rashied Ali sukan danne piyanon Alice Coltrane, sauti kuma kan fashe idan busa ta yi sama. Ranar da na kunna wa yayana a ɗakinsa, ko minti biyar bai yi ba ya ce, “Ƙanena, wannan ai hayaniya ce.” Ni kuwa na saurara har ƙarshe, na kuma maimaita da dare.

Kiɗa biyu ne kacal, kowanne wajen rabin awa. Na biyun, My Favorite Things, shi ya kama ni. Jimmy Garrison ne ya buɗe shi, shi kaɗai, yana jan igiyoyin babban molonsa mintuna da dama cikin natsuwa, kamar mai sharar hanya. Sannan Coltrane ya shigo da siririn saksofon, muryarsa a kunnena sai ka ce algaita a ƙofar fada ranar hawan salla, mai kaifi, ba ta jiran numfashi. Karin da duniya ta sani sai can ya ɗan leƙo ya ɓace. Pharoah Sanders kuma, abokin busarsa, nasa kururuwa ce zalla.

Abin da nake girmamawa shi ne, mutumin da ciwo ke ci, wanda zai iya busa wa jama'a abin da suka saba ji ya karɓi tafi, ya zaɓi ya ci gaba da neman sautin da bai riga ya samu ba. Shi ya sa ba na so a goge ƙurar faifan nan. Ita ke sa in ji kamar ina cikin ɗakin, kusa da ganga, kunnena na zafi.