Wasiƙa daga Morris Heights: Wa ke koya wa yaranmu riƙon jama'a?

 

Lokacin da aka ƙara mini girma a wurin aiki, sai kamfani ya haɗa ni da wata mata wai koci. Na yi dariya, don ni a sanina koci sai a filin ƙwallo. Ashe aikinta ta zauna da sabon shugaba tana yi masa tambayoyi. Ranar farko ta ce, yaushe rabon da wani na ƙasa da ni ya ce mini na yi kuskure? Na rasa amsa. A jirgi mai lamba 4, har na sauka a tashar Burnside, tambayar tana cina.

Daga baya na gane ba baƙon abu ba ne. Kawu a Kantin Kwari haka ya yi da yaransa: ya bar wa yaro shago ya tafi Legas, ya dawo su zauna lissafi, gyara kuma sai a ɓoye, kafin ya sallame shi da jari. Marigayi Ado Bayero ma sai da ya riƙe Wakilin Doka, ya yi jakada a Senegal, sannan ya hau gadon sarautar Kano a 1963.

To mu nan Bronx me muke yi? A ƙungiyarmu shugabanni ɗaya ne tun zuwana. Yaran da aka haifa nan, wasu har da digiri, aikinsu jera kujeru da rabon ruwa. In yaro ya buɗe baki a taro, a ce ba shi da kunya. Amma in takarda ta zo daga hukumar birni, shi za a nema ya karanta! Da yawansu sun daina zuwa, kuma wallahi ban ga laifinsu ba.

Na san dattawa na tsoron yaran Amurka za su ɓata tsari. Za su ɓata mana, wa bai taɓa ɓatawa ba? Gara su ɓata muna raye mu gyara.

Ni dai na fara. Na miƙa wa wani matashi littafin kuɗin gudummawar jana'iza, duk Lahadi bayan la'asar mu duba tare. Makon jiya ya gano kuskure a lissafina, dala 40. Na ji kunya, na kuma biya.

A gaida Hajiya da yara. Yaya, ina jiran ra'ayinka.