Sankarar mafitsara: Gudun da ya kamata mazan Maiduguri su yi

Mutanen Galtimari sun san gudu. Sun yi shi ranar 14 ga Maris, 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari Barikin Giwa da ke maƙwabtaka da su. Sun sake yin sa a watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwarsu da Fori da Gwange da wani babban yanki na Maiduguri. Duka biyun gudun ceton rai ne na dole. Yanzu akwai wani gudun ceton rai da ya kamata mazan wannan gari su shirya bisa son ransu, wato tseren kan titi domin yaƙi da sankarar mafitsara ta maza, a kuma sanya waɗanda suka yi jinyarta suka tashi a sahun gaba.

Cutar, wadda likitoci ke kira kansar furostet, tana kama wata 'yar gaɓa mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Najeriya. Ƙiyasin hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 ta kama mazan ƙasar nan fiye da 18,000, ta kuma kashe fiye da 11,000. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya yi hasashe a 2024 cewa masu kamuwa da ita a duniya za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040. Baƙar fata sun fi shiga haɗarinta. A Ingila, lissafi ya nuna tana kama namiji ɗaya cikin takwas a tsawon rayuwa, amma a tsakanin baƙar fata ɗaya ne cikin huɗu.

Abin takaicin shi ne, cuta ce da ake iya maganinta idan an gano ta da wuri. Sai dai a farkonta ba ta cika nuna alama ba. Lokacin da magidanci zai fara tashi fitsari sau da dama cikin dare, ko fitsarin ya riƙa fita da ƙyar, ko ya ga jini a cikinsa, sai ya ɗora laifin a kan sanyi ko basir ko tsufa, ya nufi mai maganin gargajiya da ke talla da lasifika a bakin kasuwa. Ba kowace matsalar fitsari ce sankara ba, domin kumburin gaɓar da ba na sankara ba ya fi yawa ga masu shekaru, amma likita ne kaɗai zai iya bambancewa. Da yawa ba sa isa gabansa sai cutar ta kai ƙashin baya da ƙugu, lokacin da abin da ya rage shi ne rage raɗaɗi da jan kwanaki.

Kunya ce babbar katangar. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya yana jin nauyin ya faɗa wa ko da matarsa abin da ke damunsa a wannan wuri na jiki. Yana tsoron irin duban da likita zai yi masa, yana kuma tsoron abin da ya ji ana faɗa cewa aikin yana raba mutum da mazakutarsa. Ba a yi wa wannan tsoro adalci ba idan aka ce ba shi da tushe, domin tiyata da gashi da allurai kan taɓa ƙarfin namiji da riƙon fitsari, wasu na ɗan lokaci, wasu ya daɗe. Amma takardar faɗakarwa ba ta cire irin wannan tsoro. Abin da ke cire shi shi ne mutum ya ga sa'ansa, wanda ya sani a masallaci ko a kasuwa, ya bi ta wannan hanya ya fito, har ga shi yana sassarfa a kan titi. Gani ya kori ji.

An ga amfanin hakan a wasu wurare. Kevin Webber, wani ɗan Ingila, an gano yana da cutar a 2014 bayan ta riga ta bazu, aka kuma shaida masa wataƙila shekara biyu suka rage masa. A 2016 ya shiga tseren Marathon des Sables, gudun kimanin kilomita 250 a hamadar Sahara ta ƙasar Maroko, domin tara wa ƙungiyar Prostate Cancer UK kuɗi, ya kuma koma ya sake yi a shekarun da suka biyo baya. A nan gida, Farfesa Wole Soyinka ya tara manema labarai a Abeokuta a watan Nuwambar 2014 ya bayyana cewa ya yi jinyar cutar ya warke, ya kuma yi kira ga jama'a su riƙa zuwa gwaji. A ɗaya ɓangaren, rasuwar Gwamnan Jihar Ondo Rotimi Akeredolu a watan Disambar 2023, wadda iyalansa suka danganta da wannan cuta, ta tunatar cewa muƙami da dukiya ba sa kare kowa daga gare ta.

Tsere da tattakin yaƙi da sankara ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Ƙungiyar Project PINK BLUE kan shirya tattaki da gudu a Abuja albarkacin Ranar Sankara ta Duniya, wadda ake yi kowace 4 ga Fabrairu, haka ma gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu tana da nata tattakin na shekara-shekara. Kaduna ta shirya gasar gudun fanfalaki a 2020. Babu dalilin da zai hana Maiduguri, mai jami'a da asibitin koyarwa a kan Titin Bama, ta shirya nata tseren na kilomita biyar, a tashi daga Galtimari bayan sallar asuba a lokacin hunturu, kafin rana ta yi zafi. Wanda ba zai iya gudu ba ya taka. Likitoci sun tabbatar motsa jiki yana rage kasala ga masu jinyar wannan cuta, yana kuma taimaka wa tsoka da ƙashi, muddin mutum ya nemi shawarar likitansa kafin ya fara.

Sai dai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tseren da zai ƙare a rabon riguna da ɗaukar hoto da jawabin manyan baƙi ɓata lokaci ne. Wajibi ne a kafa rumfar gwajin jini na PSA a inda tseren zai ƙare, a sa ma'aikatan lafiya maza masu jin Kanuri da Hausa su zauna da kowane mutum a keɓe. Namijin da ya kai shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin cutar, ya kamata ya tattauna da likita a kan gwajin. A kuma bayyana wa kowa cewa hauhawar sakamakon ba ta nufin sankara kai tsaye, alama ce ta buƙatar ƙarin bincike. Duk kuɗin da aka tara a sanar da jama'a adadinsa da yawan majinyatan da aka biya wa magani.

Nauyi mafi girma yana kan hukuma, domin zalunci ne a gano wa talaka cuta sannan a bar shi da takarda a hannu. Ambaliyar 2024 ta shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ta lalata kayan aiki masu tsada, ciki har da na cibiyar kula da masu sankara. Ya zama dole Gwamnatin Tarayya ta tabbatar na'urorin gashi na wannan cibiya suna aiki ba yankewa. Asusun tallafa wa masu sankara marasa galihu, wanda aka fara da asibitoci shida kuma ya haɗa da wannan cuta, ya kamata majinyacin Borno ya ci gajiyarsa a garinsa cikin sauƙi. Gwamnatin Jihar Borno kuma ta kai gwajin asibitocinta na ƙananan hukumomi a farashin da manomi da ɗan fansho za su iya biya.

Limamai da lawanai da bulamomi su ma suna da rawar takawa. Magana ɗaya a huɗubar Juma'a cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali za ta kai inda fastoci ba za su kai ba. Ga waɗanda Allah ya tashi kafaɗunsu kuwa, babu mai tilasta musu bayyana sirrin jikinsu. Amma duk wanda ya daure ya fito ya tsaya a layin farko, ya sani a cikin masu kallo akwai magidancin da ya yi wata shida yana ɓoye abin da ke damunsa, kuma ganin nan ne zai iya kai shi asibiti washegari.