Manhaja Ba Ta Koya Wa Ido Gani

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan gardamar da matasanmu masu zane da kwamfuta da waya suke yi: wai shin gwaninta ce ke fitar da zane mai kyau, ko kuwa sabuwar manhaja?

Ni dai a ganina manhaja kayan aiki ce, kamar buroshi da gwangwanin fenti. Ba na musun amfaninta. Tun da CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop kuma a 1990, sannu a hankali aikin allon shago da bangon littattafan soyayya na Kano ya koma kwamfuta. Aikin kwana uku ya zama na awa guda, in an yi kuskure a goge ba asarar fenti. To amma jama'a, ku dubi fastocin biki da na walima da ake mannawa a garuruwanmu. Duk kama ɗaya, launi na faɗa da launi, a rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Wannan laifin kwamfuta ne? Ina! Mai riƙe da ita ne bai koyi aikin ba. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Mu da sunan Gwari ke jikin garinmu, ai misali na cikin aljihunmu. Ku juya takardar Naira 20 za ku ga Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar da Bature Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau, ta koyi injin juya tukwane da gashin zamani. Amma randunan da suka kai sunanta Landan da hannu ta gina su, yadda ta koya a gida, da zanen ƙadangare da kifi da kunama. Mutane da dama sun zauna kan wannan inji, amma ita Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977. Ta karɓi sabon abu, ba ta yar da na gado ba.

Yanzu ga manhajar da za ka gaya wa abin da kake so, ta zana maka. A 2022 wani hoto da aka yi da Midjourney ya ci gasar zane a Jihar Kolorado ta Amurka, amma a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi yi masa rajista, don ya ce aikin na'ura ne. Kuma ko ka ce mata ta zana manomi a bakin dajin Kamuku, wa zai gane ko galmar da rumbun da hular irin namu ne? Sai idon da ya san su.

Sannan kada mu manta da 2021, lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Wanda duk sana'arsa ta rataya ga intanet sai ya naɗe hannu, mai fensir da buroshi kuwa bai rasa na cefane ba.

Don haka ina kira ga ƙannena: kafin ku zuba kuɗi a sabuwar waya, ku sayi littafin zane da fensir. Ku zana abin da ke gabanku kullum. Ku zauna da dattawa masu rubuta alluna da masu zanen bayan manyan motoci, ku koyi auna harafi da haɗa launi tun suna raye. Su ma dattawan kada su raina kwamfuta. Mu kuma masu ba da aiki mu riƙa biyan gwani haƙƙinsa, don araha ba ta ado.



Naku mai karatu kullum,
daga Tsohon Birnin Gwari, Jihar Kaduna.