Daga Bakin Allo: Itace Ba Ya Manta Ambaliya

A 2010 ambaliya ta shafi komin 55 daga cikin 77 na ƙasar Benin. A 2013 kuma Kwara ya sake cika ya batse, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa a Malanville da Karimama. Duk sanda aka yi haka sai a ce ba a taɓa ganin irinta ba. To, wa ya ajiye lissafi?

Itatuwa sun ajiye. In aka sare itace, za a ga zobba a jikin kututturen. Da damina itace yana yin kauri, da rani ya dakata, saboda haka zobe ɗaya shekara ɗaya ce. Idan ruwa ya kwaso dutse ko gungume ya doke shi, sai ya yi tabo, sabon itace ya rufe. Ƙidaya zobba daga tabon zuwa ɓawo, ka san shekarar. Bisan tabon daga ƙasa kuwa ya nuna inda ruwa ya kai.

A duwatsun Siwizalan, a wani kwazazzabo mai suna Ritigraben, masana sun bincika itatuwa fiye da 1,000, suka gano kwararowar laka da duwatsu fiye da 100 tun ƙarni na 16. Irin wannan sani ake dubawa kafin a ba da izinin gini.

Kada a ce sai itatuwan Turai. Wani bincike da aka buga a 2006, wanda aka yi a tsakiyar Benin da Kodebuwa, ya nuna doka da maɗobiya da maje da kawo da marke duk suna yin zoben shekara.

Mu ba mu da tsaunuka irin na Siwizalan, amma muna da Kwara da Sota. Abin baƙin ciki, tsofaffin itatuwan bakin ruwa suna ƙarewa a gawayi da katako. Kowanne ya faɗi, shaida guda ta tafi.

Shawarata biyu ce. Mai son gini kusa da fadama, ya duba tabon itatuwan wurin, ya tambayi dattawa da Sarkawa. Wanda kuma guguwa ta kayar masa da babban itace, ya yanko mana faifai guda zuwa lakwal, yara su ƙidaya. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.