Hasken da ke jikin baƙar fata



Makon jiya na je biki Madawa. Da aka miƙa wa kakar amarya hoton jikarta, tsohuwa ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce: "Wannan Balarabiya ɗiyar wa ce?" Kowa ya yi dariya, ni kam ban iya ba. Mai hoto ya bi fuskar yarinyar da na'ura ya faranta ta, ya share inuwa, ya share har tsagar kumatunta.

Abin ya tuna mini da wani hoto da aka zana da hannu, mai suna "Tutu". Ben Enwonwu, ɗan Onica a Nijeriya, wanda ya rayu daga 1917 zuwa 1994, shi ya zana shi. Budurwar kuwa ita ce Adetutu Ademiluyi, jinin sarautar Ife. Shi Ibo, ita Bayarabiya, ga shi yaƙin Biyafara bai daɗe da ƙarewa ba a 1970. Shi ya sa mutane suka ɗauki hoton alamar sulhu. Sau uku ya zana ta tsakanin 1973 da 1974. Na 1974 ya ɓace shekaru da dama, sai a 2017 aka gano shi a wani gida a Landan, aka sayar da shi a 2018 kan fam miliyan 1.2.

Ku dubi yadda ya yi aikinsa. Tutu ta ɗan juyo kamar wadda aka kira sunanta, wuya miƙe, ɗankwali a ka, ba ta murmushi. Bai cika bayanta da kaya ba, don kada ido ya bar fuskar. Fatar kuma ba launi ɗaya ya shafa mata ba: ya bar inuwa inda take, ya ɗora haske kaɗan inda ƙashin fuska ya taso. Inuwar nan ita ta ba fuskar nauyi. Mai kallo ya kan rasa ko kunya ce, ko ƙasaita, ko wani tunani da ta riƙe a ciki, sai ya tsaya yana ta kallo.

Wanda ya taɓa ganin tsaunukan Buza da la'asar sakaliya ya san wannan sirri: da tsakar rana dutse ba shi da kyan gani, sai inuwa ta sauka jansa ke fitowa. Haka fuskokin matan Kaita da suka ɗauki duwatsu a ka tun daga 1984 don farfaɗo da ƙasarsu. Wa zai faranta su ya ce ya ƙara musu daraja?

Yau na'ura ce ke faranta hoto, gobe man canza fata ne zai bi jiki, don yarinya ta yi kama da hotonta. Ina roƙon masu ɗaukar hoto na Adar su bar wa ƴaƴanmu inuwarsu, ko jikoki sa gane kakanninsu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.